Daren da Danmak ke ƙona mayya a bakin teku

Ranar 23 ga Yuni, idan ƙarfe tara na dare ta buga a Danmak, rana tana nan a sama ba ta faɗi ba. A lokacin ne jama'a ke gangarowa bakin teku a kan kekuna, da kwandunan abinci da barguna. An riga an tara itace da rassan bishiya tuli guda, wani tulin ya fi ɗaki tsayi, an kafa 'yar tsanar tsohuwa a ƙololuwarsa. Wani babba zai yi jawabi, a cinna wuta, a rera waƙa, kowa ya kama gabansa. Sunan daren Sankt Hans Aften. Baƙon da ya gani zai rantse al'ada ce guda ɗaya da aka gada tun kaka da kakanni. In ka tona, sai ka tarar riga ce ta faci, kowane ƙyalle da zamaninsa.

Mu fara da sunan. Hans ɗin nan ba wani Bature ba ne. Gajarta Johannes ne, wato Annabi Yahaya ɗan Zakariyya, alaihis salam. Linjilar Luka ta ce mahaifiyarsa na da cikin wata shida lokacin da mala'ika ya yi wa Maryamu bushara, sai coci ta yi lissafi ta ajiye haihuwarsa wata shida kafin Kirsimeti. To me ya sa 24 ga Yuni, ba 25 ba? Saboda Romawa da baya-baya suke ƙirga kwanaki, daga farkon watan da zai kama. Kwana takwas kafin Janairu a ƙirgensu ya faɗa 25 ga Disamba, kwana takwas kafin Yuli kuwa ya faɗa 24 ga Yuni, don Yuni kwana talatin gare shi. Su kuma mutanen arewacin Turai jajibiri suka fi ɗauka da girma a kan ranar kanta, har Kirsimeti ma daren 24 suke yin ta. Haka biki ya zauna a daren 23.

Ana kiransa bikin tsakiyar rani, ana cewa na yini mafi tsawo ne. Ba shi ba ne. Yini mafi tsawo yakan faɗa 20 ko 21 ga Yuni, don haka kafin a kunna ashana ta farko, yini ya riga ya fara raguwa. Romawan dā ne suka ɗauki 24 ga wata a matsayin ranar da rana ke juyawa. Kalanda ta yi ta zamewa, biki ya tsaya inda aka ajiye shi. Da Danmak ta tashi gyara tata kalandar a 1700, mutane sun kwanta ranar 18 ga Fabrairu suka tashi ranar 1 ga Maris. Wanda ya matsa a yi gyaran shi ne Ole Rømer, masanin taurarin da ya nuna a 1676 cewa haske ma tafiya yake yi, ba nan take yake isa ba.

Hasken shi ne gaskiyar maganar. A Kofenhagen, rana kan fito wajen ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyar na asuba, ta faɗi dab da goma na dare: awa goma sha bakwai da rabi. A Disamba kuwa yinin kan ragu zuwa wajen awa bakwai, kuma galibi hadari ya rufe shi. A Kano, tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai fi awa ɗaya da rabi ba, shi ya sa mu ba mu taɓa ganin dalilin yi wa rana biki ba. Inuwa muke nema. Daga farkon Mayu zuwa farkon Agusta dare ba ya yin baƙi sosai a can, wani shuɗi-shuɗi ne ke rataye a arewa har gari ya waye. Suna da suna na musamman ga wannan lokaci, de lyse nætter, darare masu haske.

Musulmin ƙasar sun san wannan a jikinsu. Azumin 2015, 2016 da 2017 duk ya ratsa watan Yuni, aka riƙa kai bakin awa ashirin ba ci ba sha. Lokacin Isha'i ma sai da malamai suka zauna a kansa, tunda shafaƙi ba ya ɓacewa balle a ce ga inda ta shiga.

Zafi fa? Hukumar yanayin ƙasar tana kiran yini "ranar rani" idan ya haura digiri 25. Idan matsakaicin ƙololuwar zafi na kwana uku a jere ya wuce 28, an shiga abin da suke kira guguwar zafi, jaridu su cika da gargaɗi. A Sakkwato wannan sanyin safiya ne. Digiri 36.4 da aka auna a Holstebro a watan Agustan 1975 ya yi shekaru da dama ana ba da labarinsa a matsayin zafin da ba a taɓa ji ba. Daren Sankt Hans kuwa ya yi ƙaurin suna wajen ruwan sama, har ya zama abin barkwanci: ana tsaye da rigar ruwa, ana rera waƙar rani, haƙora na kaɗawa.

Me ya sa bakin teku? Domin kusan ƙasar duk bakin teku ce. Babu inda za ka tsaya a Danmak ka yi nisan fiye da kilomita 52 da ruwan gishiri. Tsibiran da ke da suna sun haura 400, gaɓar kuma ta wuce kilomita 7,000, a ƙasar da ba ta kai jihar Neja girma ba idan aka ajiye Girinlan da tsibiran Faro a gefe. Doka ta ba kowa damar tafiya a gaɓa da yin wanka, ko da gidan attajiri ne a bayanta. A wasu wurare na yamma, irin su Rømø da Løkken, har da mota ake shiga rairayin a yi fakin. Idan aka kunna wuta, wanda ke tsaye a wannan gaɓa yana hango ta waccan gaɓar, da ta gaba da ita, jere kamar fitilun kasuwar dare. A tsakiyar Kofenhagen inda ba fili, a kan ruwa ake ɗora tulin, kamar yadda ake yi a mashigin Nyhavn da tafkin lambun Tivoli.

Sai mayyar, wadda ita ce ta fi jan ido, kuma ita ce ta zo daga baya. Wutar tsohuwa ce ƙwarai. 'Yar tsanar kuwa sai wajen 1900 ta fara bayyana nan da can, ta bazu a shekarun da suka biyo baya. Wato kakannin kakannin masu kunna wutar yau ba su san ta ba. Da tsummoki da ciyawa ake yin ta, a ɗaura mata ɗankwali, a ba ta tsintsiya, a cusa mata wani abin tartsatsi mai fito a ciki, wanda suke kira heksehyl, ihun mayya. Wuta na isa gare ta sai ta ƙwalla ƙara, yara su yi tafi. Abin da ake faɗa wa yaran shi ne ba ƙone ta aka yi ba, sallamarta aka yi zuwa Bloksbjerg.

Bloksbjerg ɗin dutse ne na gaske, amma ba a Danmak yake ba. Shi ne Brocken, a tsaunukan Harz na Jamus, mai tsayin mita 1,141, inda tatsuniyar Jamusawa ta ce mayu ke taron shekara. Wuri mafi tsayi a Danmak, Møllehøj, bai kai mita 171 ba, don haka ko dutsen da zai ɗauki taron mayu sai da suka ara a maƙwabta. Wasu kuma can Hekla suke tura ta, dutse mai aman wuta a Aisilan. Abin dariyar, daga 1961 zuwa 1989 Brocken a rufe yake, sojojin Sobiyet da 'yan leƙen asirin Jamus ta Gabas sun kafa na'urorin satar sauraro a kansa. Shekara ashirin da takwas ana aika wa 'yan leƙen asiri mayu.

Dariyar takan tsaya ne idan aka buɗe littafin kotu. Danmak ta ƙona mutane na gaske bisa zargin maita, kimanin dubu ɗaya, tsakanin wajen 1540 da 1693, mafi yawansu mata. Mayyarsu ba irin tamu ba ce mai kama kurwa. Tasu ana zarginta da sa saniyar maƙwabci ta ƙafe, ko hana mai fita daga nono, ko lalata giya a tukunya, ko tayar da hadari a teku. Amma wadda ake nunawa da yatsa iri ɗaya ce ko'ina: tsohuwa, matalauciya, mai kaifin baki, wadda aka taɓa yin cacar baki da ita kafin wani abu ya lalace. Duk wanda ya girma a unguwar da ake raɗa cewa wance kada a ci abincinta, ya san yadda ake fara wannan magana.

A 1589 aka ɗaura auren gimbiya Anna ta Danmak, 'yar shekara goma sha huɗu, da Sarki James na Shida na Sikotlan. Jiragen rakiyar amarya suka gamu da hadari, suka fake a Norwe, ango da kansa ya biyo ta aka yi biki a Oslo. Maimakon a tsaya kan ingancin jiragen, sai laifi ya koma kan wasu mata a Kofenhagen, aka ce su suka tura aljanu su hana tafiya, aka ƙona su a 1590. James ya koma gida da wannan tunani, ya buɗe tasa farautar, har ya rubuta littafi a kan mayu a 1597. Shi ne dai James ɗin da fitacciyar fassarar Baibul ta Ingilishi ke ɗauke da sunansa. Ɗan'uwan amaryar, Sarki Christian na Huɗu, shi ya kafa dokar 1617 kan maita, wadda bayanta shari'o'in suka yi yawa fiye da kowane lokaci.

Wadda aka fi tunawa ita ce Maren Spliid ta garin Ribe, kuma ita ba matalauciya ba ce, matar wani tela ce mai hali. Wani telan da kasuwa ta juya wa baya ya ce ita ta sa masa ciwo. Kotu ta wanke ta, sarki ya sa aka sake tayar da maganar, aka kai ta Kofenhagen aka gana mata azaba har ta amsa. A watan Nuwamban 1641 aka ɗaure ta a jikin tsani aka tura cikin wuta, da ƙunshin albarushi a bayanta don mutuwar ta zo da sauri. Ni dai tun da na san da ƙunshin albarushin nan, abin tartsatsin da ke fito a cikin 'yar tsana ya daina ba ni dariya.

Ta ƙarshe da hukuma ta kashe ita ce Anne Palles, tsohuwa daga tsibirin Falster, a 1693. Sassaucin da sarki ya yi mata shi ne a fille kanta tukuna sannan a ƙona gawar. Hukuma ta daina, jama'a ba su daina ba: a 1800 mutanen wani ƙauye kusa da Horsens sun doke wata mabaraciya, Anna Klemens, har lahira bisa wannan zargi. Yau akwai gidan tarihi na farautar mayu a Ribe, an buɗe shi a 2020, kuma kowace shekara idan Yuni ya kama sai an sake gardama a jaridu, a sa mayya ko a bar ta. Wurare da yawa sun daina sa ta. Masu kare ta suna cewa al'ada ce. Masu tarihi su tambaye su tun yaushe.

Waƙar da ake rerawa ma daga dandalin wasan kwaikwayo ta fito. Midsommervisen sunanta. Holger Drachmann ya rubuta ta a 1885 cikin wani wasa mai suna Der var engang, wanda shi ne "ga ta nan, ga ta nanku" ɗinsu, aka fara nuna shi a 1887 da kiɗan Lange-Müller. A 1980 wata ƙungiyar mawaƙan zamani, Shu-bi-dua, ta ɗora wa baitocin sabon kiɗa. Yanzu a bakin wuta ɗaya sai ka ji tsofaffi sun ja nasu, matasa sun ja nasu, kuma akasarin mutane baitin farko kawai suka haddace, sauran sai an duba takarda ko waya.

Shi Drachmann yana cikin hoton da ya fi kowane shahara game da wannan dare, wanda P.S. Krøyer ya gama zanawa a 1906: mutanen garin Skagen sun yi da'ira a bakin teku, wuta a tsakiya, masu zane da manyan gari a gefe guda, masunta a ɗaya gefen. A lokacin idon Krøyer ya fara mutuwa, matarsa Marie kuma ta bar shi ta bi wani mai tsara kiɗa ɗan Suwidin, Hugo Alfvén. Bai cire su ba. Ya zana su biyun a can baya, jingine da kwalekwale, hasken wuta a fuskarta. Shekara uku bayan nan ya rasu. Drachmann kuwa ya rasu a 1908, tokarsa tana binne cikin tudun rairayi a Grenen, ƙarshen ƙasar ta arewa, inda tekuna biyu, Skagerrak da Kattegat, ke karo da juna. Ana barin mutum ya tsoma ƙafa ɗaya a kowanne, amma an hana iyo. Kusa da nan akwai cocin da rairayi ya cinye har aka rufe shi a 1795, hasumiyar kaɗai ta rage a waje, da wani tudun rairayi, Råbjerg Mile, mai tafiyar kimanin mita goma sha biyar a shekara. Mutumin Yusufari ba zai ga abin mamaki a nan ba, sai dai ya yi mamakin ganinsa a Turai.

Kafin mayya da waƙa, daren na neman lafiya ne. An yi imani ruwan wasu maɓuɓɓuga da ganyayen magani sun fi ƙarfi a wannan dare, don haka masu magani kan fita tsinkar ganyen shekara. A Tisvilde marasa lafiya kan sha ruwan maɓuɓɓugar Helene, su kwana a kan kabarin ita Helene ɗin. A dajin barewa da ke arewa da Kofenhagen akwai maɓuɓɓugar Kirsten Piil, wadda labari ya ce an gano ta a 1583. Inda jama'a suka taru, mai tukwane zai zo, mai abinci zai zo, mai wasa da biri ma zai zo. A hankali kasuwar ta fi ruwan ƙarfi. Wurin shi ne Bakken na yau, filin wasannin lilo mafi tsufa a duniya da har yanzu yake aiki.

Akwai kuma wani tsiro mai kaurin ganye, sankthansurt, da 'yan mata kan soke reshe biyu nasa a jikin azarar ɗaki, ɗaya da sunansu, ɗaya da sunan saurayi. In rassan suka karkato wa juna, akwai aure. In suka juya baya, a nemi wani.

Kwandon abinci ba shi da wani tsari na dole. Akwai baƙin burodin da suke ci kullum, da sabon dankalin Turawa, wanda na farkon fitowa daga tsibirin Samsø kan yi tsadar da sai an sa a labarai, da jan sitiroberi irin wanda ake nomawa a Jos. Yara kuma nasu snobrød ne: a naɗe kwaɓaɓɓiyar fulawa a kan sanda a riƙe a saman garwashi, ya fito waje a ƙone, ciki ɗanye, a cinye da murna. Naman da ake gasawa galibi na alade ne, a ƙasar da aladu suka kusa ninka mutane biyu. Amma abin da zai tsayar da Bahaushe shi ne koldskål: tsala mai sanyi da aka dama da sukari da ƙwai da ɗan lemon tsami, a marmasa wani busasshen biskit a ciki a sha da cokali. Ƙanwar fura da nono ce, ba ta san danginta ba. Biskit ɗin sunansa kammerjunker, wanda asalinsa muƙamin wani ƙaramin bafade ne a fadar sarki.

Cikin taron za ka ga matasa da farar hula mai baki. Waɗanda suka gama sakandare ne a makon, kuma launin zaren hular yana nuna irin makarantar. A goshin hular akwai ƙaramar alama, wadda a asali gicciye ce. Ɗalibi Musulmi na iya zaɓar jinjirin wata. Wasu kan zo da takardun karatunsu su jefa a wuta. A kwanakin ne kuma ajin duka ke hawa buɗaɗɗiyar babbar mota, a bi gidan kowane ɗalibi ɗaya bayan ɗaya, iyaye su ba da abin ci da sha, tun safe har dare.

Bushiya ma tana da nata kason. Tulin itacen da ya yi makonni a ajiye ɗaki ne a wurinta, da tsuntsaye masu sheƙa. Shi ya sa masu kare dabbobi ke roƙo kowace shekara a kwashe tulin a sake tara shi a wani gurbi ranar da za a kunna. A 2018 kuwa fari ya yi tsanani har ƙananan hukumomi da yawa suka hana kunna wuta gaba ɗaya. Aka taru, aka yi jawabi, aka rera waƙa, ba hayaƙi.

Maƙwabta kowa da nasa salon. Suwidin sanda mai ado da ganye take kafawa a yi rawa, kuma ta mayar da bikin Juma'a don a samu hutu. A Ålesund ta Norwe matasa sun jera katakai har mita 47.4 a 2016 suka banka musu wuta.

Danmak ba ta da hutun ko kaɗan. Dā akwai, har 1770, lokacin da aka soke ranar Sankt Hans tare da wasu ranakun hutu na coci don mutane su ƙara yin aiki. Zamanin Struensee ne, likita Bajamushe da aka ɗauko ya duba Sarki Christian na Bakwai mai taɓin hankali, ya ƙare yana juya ƙasar, yana kuma soyayya da sarauniya. A watan Afrilun 1772 aka sare masa hannun dama, sannan kai. An warware dokokinsa da yawa bayan mutuwarsa, amma ba a dawo da hutun ba. Don haka in 24 ga wata ta faɗa ranar aiki, wutar na mutuwa wajen sha ɗaya, a tattara kwalabe, tunda kowace akwai kuɗin ajiya a kanta, krone ɗaya zuwa uku, a ɗora yara masu barci a akwatin keke. Ƙarfe takwas na safe kowa yana wurin aikinsa, gashinsa na warin hayaƙi.